Ƙaura da Yawan Jama'a: Darasi daga Paikon Kore

Abubuwa uku ne ke sa yawan jama'ar wuri ya ƙaru ko ya ragu: haihuwa da mutuwa da ƙaura. Biyun farko kowa ya san su, domin babu gidan da ba a taɓa yin suna ko zaman makoki ba. Ta ukun ce ba a cika lura da aikinta ba, alhali kuwa ita ce ta fi saurin sauya kamannin gari. Jaririn da aka haifa yau sai ya yi shekara goma sha biyar ko ashirin kafin ya nemi gona ko sana'a ko ɗakin kansa. Baƙon da ya sauko daga mota da yammacin yau kuwa da girmansa ya iso. A daren nan yana bukatar wurin kwana, gobe da safe kuma zai fita neman abin yi.

A wannan darasi za ku ga yadda ƙaura ke sauya yawan mutanen ƙasa, da wurin da suke zaune, da kuma irin mutanen da ake samu a kowane wuri. Za mu ɗauki misali daga Paikon Kore, wani ƙauyen manoma da makiyaya da ke ƙaramar hukumar Gwagwalada, a Yankin Babban Birnin Tarayya, Abuja. Daga can za mu leƙa sauran sassan Nijeriya, sannan mu tsallaka iyaka.

Kalmomin barin gida

Hausawa matafiya ne tun zamanin da, saboda haka harshensu yana da kalmomi da dama na barin gida, kowace da inda ta dace. Ƙaura ita ce barin mazauni a koma wani wuri da niyyar zama. Wanda ya je ziyara ko cin kasuwa ya dawo ba a ce ya yi ƙaura, balaguro ya yi. Hijira kalma ce da aka aro daga Larabci, kuma asalin ma'anarta barin wuri domin tsira da addini, kamar yadda Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tashi daga Makka zuwa Madina a shekarar 622, da yadda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya tashi daga Degel zuwa Gudu a 1804. A yau, duk wanda yaƙi ko ambaliya ko fari ya kora daga gidansa ana kiransa ɗan gudun hijira. Cin rani kuwa shi ne tafiyar da manomi kan yi bayan ya gama girbi. Yakan nufi birni ya yi ga-ruwa ko dako ko sayar da rake, idan damina ta kusa ya tattara abin da ya samu ya koma gonarsa.

Idan ana maganar yawan jama'ar ƙasa, ƙaura iri uku ce. Ta farko ita ce ƙaura zuwa waje, wato ɗan ƙasa ya tsallake iyaka ya zauna a wata ƙasa. Ta biyu ita ce shigowar baƙi daga wata ƙasa. Ta uku ita ce ƙaurar cikin gida, wato mutum ya bar ƙauye ya koma birni, ko ya bar wata jiha ya koma wata, ba tare da ya fita daga ƙasarsa ba. Ku lura cewa tafiya ɗaya tana iya zama da suna biyu. Telan da ya bar Maraɗi ya buɗe shago a Kano, a wurin Jamhuriyar Nijar fita ya yi, a wurin Nijeriya kuwa shigowa ya yi.

Yadda ake lissafin

Mu ƙaddara akwai wani ƙauye mai mutum 1,000 a farkon shekara. Cikin shekarar aka haifi jarirai 40, mutum 15 suka rasu. Haihuwa ta rinjayi mutuwa da 25. A wannan shekarar kuma baƙi 60 suka zo suka zauna, 'yan gari 20 suka yi ƙaura. Masu shigowa sun rinjayi masu fita da 40. A ƙarshen shekara ƙauyen yana da mutum 1,065. To, yanzu ku juya lissafin: a ce 20 ne suka shigo, 60 suka fita. Sai ƙauyen ya koma mutum 985. Ya ragu ke nan, duk da cewa an yi bikin suna sau arba'in a cikinsa.

Wannan lissafin shi ake yi wa ƙasa baki ɗaya, sai dai da bambanci guda. Fita da shigowa su ne ke rage jimillar mutanen ƙasa ko su ƙara ta. Ƙaurar cikin gida ba ta taɓa jimillar. Tamkar magidanci ne ya kwashe hatsi daga wannan rumbu ya zuba a wancan: hatsin gidan bai ƙaru ba, bai kuma ragu ba, amma wani rumbun ya cika har yana zuba, wani kuwa ya yi ƙasa. Babu inda za ku ga wannan a fili kamar Abuja.

Birnin da ƙaura ta gina

Kafin 1976, yankin da ake kira Babban Birnin Tarayya ƙasa ce ta ƙananan garuruwa da ƙauyuka. Mazaunansa sun haɗa da Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, da Gade da Gwandara da Koro da Bassa da Ganagana da Egbura. Sunan Abuja ma ƙaura ce ta kawo shi. Bayan da mayaƙan jihadi suka ci Zazzau a farkon ƙarni na 19, Sarki Muhammadu Makau ya yi kudu da jama'arsa ya sauka a Zuba. A 1828 ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa garin da aka sa wa suna Abuja. Da sabon babban birni ya ɗauki wannan suna, sai aka koma kiran tsohon garin Suleja, daga sunan sarkinsa na lokacin, Sulaimanu Barau.

Ranar 3 ga Fabrairu, 1976, gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kafa dokar da ta samar da Yankin Babban Birnin Tarayya, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda. Legas ta cika ta cushe, ga shi kuma tana can gefe guda, bakin teku. Ana son wuri a tsakiyar ƙasa, wanda kowa zai iya isa cikin sauƙi. Aka yanki ƙasa daga jihohin Neja da Filato da Kwara na wancan lokaci aka soma gini. Ranar 12 ga Disamba, 1991, a zamanin Janar Ibrahim Babangida, fadar gwamnati ta bar Legas ta koma Abuja.

Wannan shawara ta haifar da ƙaura iri biyu. Da farko an tashi wasu 'yan asalin yankin daga ƙauyukansu domin a sami filin gina birni. Mutanen Wuse, alal misali, an mayar da su Sabon Wuse a Jihar Neja. Daga nan kuma sai jama'a suka yi ta kwararowa daga ko'ina: birkiloli da kafintoci da leburori, sai ma'aikatan gwamnati da iyalansu, sai kuma 'yan kasuwa da direbobi da masu sayar da abinci da teloli, waɗanda ke bin jama'a duk inda ta taru.

Alkaluman ƙidaya sun nuna girman abin. A ƙidayar 1991 an sami mutum kimanin 372,000 a yankin. A ta 2006 an sami fiye da 1,400,000. Cikin shekara 15 mutanen sun kusa ninkawa sau huɗu. A tsakanin waɗannan ƙidayoyi biyu, jama'ar Nijeriya gaba ɗaya ta tashi daga kimanin miliyan 89 zuwa miliyan 140. Da a ce Abuja ta yi tafiya daidai da sauran ƙasa, da mutanenta ba su kai 600,000 ba a 2006. Rarar da ta haura 800,000 ita ce aikin ƙaura, wato baƙin da suka zo da 'ya'yan da suka haifa bayan zuwansu. Kowane ɗaya daga cikin baƙin nan akwai garin da ya baro, wanda lissafinsa ya ragu da mutum guda.

Ba duk wanda ya zo ne ya sami wurin zama a tsakiyar birni ba, domin kuɗin haya a Maitama ko Asokoro ya fi ƙarfin talaka. Saboda haka jama'a ta malala zuwa Kubwa da Lugbe da Nyanya da Karu da Zuba da Gwagwalada, har ta tsallaka zuwa Mararaba a Jihar Nasarawa da Madalla da Suleja a Jihar Neja. Dubban mutane suna wuni a Abuja su kwana a wata jiha, kuma a inda suke kwana ake ƙidaya su. Sunayen wuraren ma suna ba da labari. Tunga a Hausa ita ce 'yar ƙaramar unguwa da baƙi suka kafa a bayan gari, ga kuwa Tungan Maje a ƙaramar hukumar Gwagwalada. Duk inda kuka ji an ce Sabon Gari ko Tudun Wada ko Zango, to ku tabbata baƙi ne suka fara zama a wurin.

Abin da ya iso Paikon Kore

Garin Gwagwalada yana kan babbar hanyar Abuja zuwa Lokoja. A nan Jami'ar Abuja, wadda aka kafa a 1988, ta fara karatu, a nan kuma asibitin koyarwarta yake. A ƙidayar 2006 ƙaramar hukumar tana da mutum fiye da 150,000. Paikon Kore ba shi da nisa da wannan gari, don haka duk abin da ya taɓa Gwagwalada sai ya iso shi. Idan kuka dubi ƙauyen da maƙwabtansa za ku ga rukunin mutane uku, kowanne da lokacin zuwansa.

Rukuni na farko su ne manoma 'yan asalin wurin, waɗanda suka gaji ƙasar daga kakanninsu. Suna noma doya da dawa da masara. A da, lokacin da mutane ba su da yawa kuma daji yana da faɗi, manomi kan noma gona 'yan shekaru, idan ta gaji ya bar ta ta huta ya sari wata. Gonar da aka bari haka ita ake kira saura.

Rukuni na biyu su ne Fulani makiyaya. Tun da daɗewa sukan gangaro kudu da rani neman ciyawa da ruwa, su koma arewa idan damina ta sauka. Daga baya da yawansu suka zauna dindindin a tsakiyar ƙasa. Dalilan sun haɗa da farin da aka yi a 1973 zuwa 1974 da na 1984, da yadda gonaki suka cinye burtali da makiyaya a arewa mai nisa, da kuma raguwar ƙudan tsando, wanda a da yake kashe shanu a dazuzzukan yankin. Gwamnati ta keɓe gandun kiwo huɗu a Babban Birnin Tarayya: na Paikon Kore, da na Kawu a Bwari, da na Karshi a ƙaramar hukumar birni, da na Rubochi a Kuje. A gandun Paikon Kore har an kafa cibiyar tattara madara da sanyaya ta, domin birni mai miliyoyin baki yana bukatar madara kullum.

Rukuni na uku su ne waɗanda bunƙasar birni ta turo: ma'aikata da ɗalibai masu neman ɗaki mai rahusa a kewayen Gwagwalada, da masu sayen fili domin gini, da manoman wasu jihohi masu neman gonar aro ko ta haya.

Mutane suna haihuwa, shanu ma suna haihuwa, amma ƙasa ba ta haihuwa. Fili ɗaya manomi yana so ya shuka, makiyayi yana so ya yi kiwo, magini yana so ya kafa harsashi. Saura ta yi wuya, domin babu sauran dajin da za a sara. Idan gona ta shiga burtali, ko shanu suka shiga gona kafin girbi, sai saɓani ya tashi, wani lokaci har da asarar dukiya da rayuka. Ga kuma wani abin da ya bambanta wannan yanki da jihohi: tsarin mulkin 1999 ya ce duk ƙasar da ke Babban Birnin Tarayya mallakar Gwamnatin Tarayya ce. Wannan ya sa 'yan asalin yankin ke yawan kokawa a kan diyya da matsuguni duk lokacin da aka karɓi gonakinsu. Rijiyar da a da ta ishi unguwa yanzu sai an yi layi, ajin da aka gina domin yara arba'in yakan ɗauki ninkin haka.

Amma kada ku ɗauka cewa nauyi kawai baƙi ke kawowa. Doyar da a da sai an yi tafiya mai nisa kafin a sami mai saye, yanzu motoci ke zuwa ɗaukarta. Matar makiyayi tana da kasuwar nono da man shanu a kusa. Akwai kuma tsohuwar al'adar cuɗe-ni-in-cuɗe-ka: bayan girbi shanu su ci kara da harawa a gona, su bar wa manomi taki. Har harshe ma ya shiga cikin cinikin. Idan Bagbagyi da Bafulatani da Bayarabe da ɗan ƙabilar Ibo suka haɗu a kasuwar ƙauye, sau da yawa da Hausa suke yin ciniki. Wannan yana daga cikin dalilan da suka sa harshen da kuke koyo yake ta yaɗuwa fiye da ƙasar haihuwarsa.

Ƙaura takan yi zaɓe

Haihuwa jarirai take kawowa, mutuwa kuma ta fi ɗaukar ƙananan yara da tsofaffi. Ƙaurar neman abinci kuwa majiya ƙarfi take ɗauka. Tsoho ba ya barin gonarsa ya tafi dako, yaron goye ma ba ya tafiya shi kaɗai. Matasa ne, daga masu shekara goma sha biyar zuwa masu talatin da 'yan kai, suka fi cika motocin da ke barin ƙauye. Maza sun fi yawa cikin masu tafiya cin rani da leburanci, mata kuma da yawansu aure ne ko karatu ko kasuwanci ke kai su wani gari.

Wannan zaɓe yana barin alama a wurare biyu. A ƙauyen da aka bari, idan kuka shiga da rani, za ku tarar da tsofaffi da mata da yara sun fi yawa. Hannun noma yakan yi ƙaranci, ko da yake kuɗin da matafiya ke aikowa suna sayen taki da magani da kwanon rufi. A garin da aka koma kuwa matasa ne ke cika tituna. Matasan nan su ne masu yin aure su haihu, saboda haka bayan 'yan shekaru sai makarantun firamare su cika da 'ya'yansu. Ƙaura ke nan ta ƙara wa birni mutane sau biyu: da zuwan iyaye, da kuma haihuwar 'ya'ya. Ta wannan hanya Nijeriya ta sauya kama. A 1960 mutum kimanin 15 cikin 100 ne ke zaune a birane, yanzu kuwa sun haura rabi.

Gudun hijira ne kaɗai ba ya zaɓe, domin gida yake tayarwa ɗungurungum, da tsoho da jariri. Rikicin Boko Haram da ya ɓarke a 2009 ya raba fiye da mutum miliyan 2 da gidajensu a arewa maso gabas. Mafi yawansu ba su bar Nijeriya ba. Maiduguri ta cika da su, wasu kuma, musamman bayan an mamaye Gwoza a 2014, suka iso har Abuja suka zauna a Durumi da Kuchingoro da Wassa. Wasu sun tsallaka zuwa Diffa a Nijar da Minawao a Kamaru. Haka nan tun 2019 hare-haren 'yan bindiga suka kori dubban mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina zuwa yankin Maraɗi.

Masu fita waje

Fita daga wannan ƙasa ba sabon abu ba ne. Fatake sun daɗe suna bin hanyar Gwanja zuwa Salaga sayen goro, da yawansu kuma suka zauna can. Zangunan Hausawa da ke Kumasi da Akara a Gana jikokinsu ne da waɗanda suka biyo bayansu. Ta gabas kuma, maniyyata masu tafiya Makka a ƙasa sukan tsaya a Sudan su yi aiki su tara guzuri, wasu har ƙarshen rayuwarsu. Bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya gabas da jama'arsa, suka kafa garin da har yau ake kira Mai Wurno a Sudan.

A zamaninmu hanya ta fi karkata zuwa Ingila da Amurka da Kanada da Saudiyya. Matasa suna kiran wannan tafiya japa, kalmar da aka aro daga Yarabanci. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 'yan Nijeriya kimanin miliyan 1.7 ne ke zaune a ƙasashen waje. A ƙasar da ke da mutum fiye da miliyan 200, wannan bai kai ɗaya cikin ɗari ba. Ta fuskar jimilla ke nan, fitar ba ta rage komai ba. Sai dai ku tuna cewa ƙaura takan yi zaɓe. Cikin masu fita akwai likitoci da ma'aikatan jinya da injiniyoyi da malaman jami'a, waɗanda ƙasa ta kashe shekaru da dukiya wajen horar da su. Idan likita ɗaya ya bar asibitin da ke da likitoci uku, jimillar jama'ar ƙasa ta ragu da mutum ɗaya kacal, amma majinyatan garin sun rasa sulusin masu duba su.

A ɗaya hannun, waɗanda suka fita ba su manta da gida ba. Bisa ƙiyasin Bankin Duniya, kuɗin da suke aikowa a 'yan shekarun nan yakan kai kusan dala biliyan 20 a shekara, ana biyan kuɗin makaranta da asibiti da gini da su. Amma ba kowa ke isa ba. Matasa da dama da suka bi ta Agadas suka ratsa hamada zuwa Libiya sun halaka a cikin rairayi ko a Bahar Rum.

Masu shigowa

Kamar yadda ake fita, haka ake shigowa. Kwarori, wato mutanen Labanan da Siriya, sun zauna a Kano tun farkon ƙarni na 20. Farin 1973 ya kawo Buzaye da yawa daga Nijar, wasu suka kama aikin gadi. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba 'yan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ƙasar juna har kwana 90 ba tare da biza ba. Ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna baƙi kimanin miliyan 1.3 ne ke zaune a Nijeriya, mafi yawansu daga ƙasashen Afirka ta Yamma. Su ma ba su kai ɗaya cikin ɗari ba.

A wasu ƙasashe lamarin ya fi haka nesa ba kusa ba. A Kodebuwa fiye da mutum ɗaya cikin biyar baƙo ne, kuma da ƙarfinsu ake noman koko. A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa kusan tara cikin goma baƙi ne, kuma da yake mafi yawansu maza ne 'yan ƙwadago, maza sun fi mata yawa ƙwarai a ƙasar.

Tarihin Nijeriya da Gana yana nuna yadda baƙo ke zama abin zargi idan tattalin arziki ya karye. A 1969 gwamnatin Kofi Busia ta kori baƙin da ba su da takardun zama a Gana, cikinsu har da 'yan Nijeriya masu ɗimbin yawa. Da arzikin man fetur ya bunƙasa a shekarun 1970, sai hanya ta juya, mutanen Gana suka yi ta shigowa Nijeriya suna koyarwa da gini da gyaran takalma. Da farashin mai ya faɗi, gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙin da ba su da takardu a farkon 1983. Kimanin 'yan Gana miliyan ɗaya suka koma gida cikin 'yan makonni, a ƙasar da mutanenta ba su wuce miliyan 12 da 'yan kai ba. Ku auna irin nauyin da wannan ya ɗora wa abinci da aiki da muhalli a can. Wanda ya kori baƙo jiya, shi ne aka kora yau.

Amfanin sanin wannan

Gwamnati ba za ta san yawan azuzuwa da rijiyoyi da gadajen asibitin da za ta tanada ba sai ta san inda mutane suke da shekarunsu. Wannan shi ne aikin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Ƙidayar da aka shirya yi a 2023 an ɗage ta, saboda haka aka ci gaba da dogara da ƙiyasin da aka gina a kan ta 2006. A wurin da jama'a ke zaune cif, ƙiyasi yakan kusanci gaskiya. A wuri kamar Gwagwalada da ƙauyukanta, inda motoci ke sauke sababbin mazauna kowace rana, ƙiyasi yana iya yin nisa da abin da ke ƙasa, kuma yaran da ba a lissafa da su ba su ne za su zauna a ƙasa a cikin aji.

Sashe na 41 na tsarin mulki ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin tafiya da zama a duk inda ya ga dama cikin ƙasar. Saboda haka ba za a hana ƙaura ba, sai dai a yi mata tanadi: a shata burtali a kiyaye shi, a biya wanda aka karɓi gonarsa hakkinsa, a kai aiki da makaranta da asibiti ƙauyukan da ake bari domin tafiya ta zama zaɓi, kada ta zama dole. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, wato yanzu yana nan, an jima ya tafi. Baƙin Abuja kuwa sun zauna, sun haihu, 'ya'yansu ba su san wani gida ba.

Kafin darasi na gaba, kowane ɗayanku ya tambayi magabatansa abu uku: inda aka haifi kakansa, da inda aka haifi mahaifinsa ko mahaifiyarsa, da inda aka haife shi. Ku rubuta amsoshin a kan allo, ku ƙirga mutum nawa ne a ajinku aka haifa a gari ɗaya da kakanninsu. Sauran kuma kowa ya faɗa da Hausa wace irin ƙaura ce ta kawo gidansu inda yake a yau, da dalilinta.